Richard Henry: Mai gadin tsibirin da ya yi ƙoƙarin ceto tsuntsayen Niyu Zilan shi kaɗai

A unguwanni da dama na biranen Niyu Zilan, ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗan akwatin katako a gindin shingen bayan gida, da tarko a cikinsa. Ma'aikatan ofis da masu shaguna da 'yan fansho da 'yan makaranta su ne ke ɗana waɗannan tarkuna, suna duba su a ranakun hutu, domin kashe ɓeraye da wasu dabbobin da aka shigo da su ƙasar, masu cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayenta na asali. Wannan aikin gayya yana da tushe, kuma masana tarihin ƙasar sukan kai tushen ga mutum guda, Richard Henry, wanda ya hango bala'in tun yana tsirowa, ya shafe shekara 14 yana kokawa da shi a wani tsibiri mai nisa, ya kuma bar duniya yana ganin aikinsa ya tashi a banza.

Ƙuruciya a daji

An haifi Richard Treacy Henry ranar 4 ga Yuni, 1845, a yankin Kildare na ƙasar Ailan, a shekarar da mummunar yunwar nan ta fara addabar ƙasar. A 1851 iyayensa suka kwashe iyali suka shiga jirgin ruwa zuwa Ostireliya. Tafiyar ta zo musu da baƙin ciki, domin mahaifiyarsa da ƙaninsa jariri sun rasu a kan teku. Yaron ya sauka baƙuwar ƙasa yana maraya ɗan shekara 6.

A yammacin jihar Victoria ya girma, kusa da garin Warrnambool. Bai yi zurfi a karatun boko ba, daji ne ya zama makarantarsa. Ya yi cuɗanya da 'yan asalin Ostireliya, ya koyi bin sawu da farauta da haƙurin zama wuri guda ana kallon dabba har a gane halinta. Ya kuma koyi sassaƙa da yankan katako da ƙera kwale-kwale. A shekarun 1870 ya haye zuwa Niyu Zilan, ya yi ta yawon neman abin kai, har a 1883 ya kafa bukka a bakin tafkin Te Anau da ke kudu maso yammacin Tsibirin Kudu. A nan ya yi kiwon tumaki da farautar zomaye da kafinta da yi wa baƙi jagora a duwatsu. Har yau akwai wata mashiga a tsaunukan yankin da ke ɗauke da sunansa.

Maganin da ya fi cutar muni

Kafin a fahimci abin da ya ci wa Henry rai, sai an san irin ƙasar da ya tarar. Niyu Zilan ta shafe miliyoyin shekaru a ware cikin teku, ba ta da wata dabba mai shayarwa da ke yawo a doron ƙasa, in ban da jemagu. Abokan gaban tsuntsayenta daga sama suke zuwa, irin su shaho da gaggafa, masu farauta da ido. Saboda haka tsuntsaye da yawa suka bar tashi, suka koma yin sheƙa a ƙasa da kiwo da dare, kuma idan sun ji motsi sai su ƙame wuri guda. Wannan dabara tana ɓatar da shaho. Ga dabbar da ke farauta da hanci kuwa, tsuntsun da ya ƙame kamar abinci ne aka ajiye mata a akushi.

Biyu daga cikinsu suka fi jan hankalin Henry. Na farko kiwi, mai dogon baki, wanda yau shi ne tambarin ƙasar. Na biyu kakafo, wani irin aku kore mai ƙiba, wanda babu aku mai nauyinsa a duniya, don namiji yakan kai kilo 4. A harshen Mawori, 'yan asalin ƙasar, sunan yana nufin akun dare. Ba ya tashi, yana da wani ƙamshi mai ƙarfi da ke tona maɓoyarsa, kuma uwa takan bar 'ya'yanta a rami ta tafi neman abinci tsawon dare.

Mawori sun iso wajajen shekara ta 1300 da kare da wani ƙaramin ɓera. Turawa suka biyo da manyan ɓerayen jirgin ruwa da kyanwoyi da aladu, sannan da zomaye domin nama da farauta. Zuwa shekarun 1870 zomayen sun hayayyafa har sun zama annoba, suna cinye ciyawar tumaki, alhali gashin tumaki ne kashin bayan arzikin ƙasar. Manyan makiyaya suka matsa wa gwamnati lamba a kawo dabbobin da ke cin zomo a Ingila: feret da wizil da sitot. Dukansu dangin juna ne, siraran jiki masu gajerun ƙafafu, kamanninsu kusa da na tunku. Masana irin su Alfred Newton na Jami'ar Cambridge da Walter Buller na Niyu Zilan sun yi gargaɗi cewa tsuntsaye ne za su ɗanɗana kuɗarsu, amma muryar masu dukiya ta rinjaya. A shekarun 1880 aka saki dubbansu, doka ta kuma ba su kariya, kariyar da ba a janye gaba ɗaya ba sai 1936.

Garin neman gira aka rasa ido. Zomaye ba su ƙare ba, sitot kuwa ya gano cewa kama kiwi da kakafo ya fi bin zomo sauƙi, ya nausa cikin kurmi. Henry yana zaune a Te Anau ya ga yadda kukan tsuntsayen dare ke raguwa shekara bayan shekara. A 1887 ya buga ɗan ƙaramin littafi kan zomon Niyu Zilan da matsalar da ke tattare da shi, ya kuma riƙa aika rubuce-rubuce ga jaridu. Ya lura da abin da masu digiri ba su yarda da shi ba a lokacin, wato kakafo ba ya haihuwa kowace shekara, sai a wasu shekaru kawai, kuma mazan sukan taru a kan tudu suna wani irin gunji mai zurfi da dare domin kiran mata. Da yake ba shi da takardar shaida, manyan masana ba su ɗauki maganarsa da nauyi ba.

A 1891 gwamnati ta keɓe tsibirin Resolution, a gaɓar yankin Fiordland, ya zama mafakar tsuntsaye. Henry ya ƙwallafa rai a kan aikin gadin wurin, amma maganar ta yi ta jan ƙafa. Ciwon jiki da talauci da raini suka taru suka yi masa yawa. A 1893 ya tafi birnin Auckland cikin matsanancin ƙunci, har ya yi yunƙurin halaka kansa, sai dai kwanansa na gaba. Bai daɗe da jinya ba sai ga saƙon waya daga abokinsa Edward Melland, wanda ya daɗe yana yi masa fafutuka, cewa aikin ya kusa samuwa. A 1894 aka naɗa shi mai kula da tsibirin, yana da shekara 49.

Shekarun Resolution

Tsibirin ya samo sunansa daga jirgin Kyaftin James Cook, wanda ya yada zango a mashigin ruwan Dusky a 1773. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 200, duk duwatsu ne da kurmi mai duhu. Ruwan sama a yankin yana zuba kusan kullum, iska daga teku tana tasowa ba sallama, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ba sa barin mutum ya sarara. Babu gari, babu hanya, babu maƙwabci. Jirgin gwamnati mai suna Hinemoa ne ke kawo abinci da wasiƙu bayan 'yan watanni.

A watan Yulin 1894, tsakiyar hunturun can, Henry ya sauka tare da wani matashi mataimaki mai suna Andrew Burt. Ya gina gida da rumbu da wurin ajiye kwale-kwale a wani ɗan tsibiri da ake kira Pigeon, daura da Resolution. Shirinsa mai sauƙin faɗa ne: ya kamo tsuntsayen da ba sa tashi daga babban yanki kafin sitot ya iso gare su, ya haye da su ruwa zuwa inda ake zaton maƙiyi ba zai kai ba.

Aiwatarwar ce ke da wuya. Tsuntsun da ke kwana a rami da rana, launinsa kuma ya saje da gansakuka, ido ba ya gano shi. Sai Henry ya juya makamin maƙiyi ya zama na ceto, wato hanci. Ya horar da karnuka, mafi shahara a cikinsu wata ƙaramar karya mai suna Lassie, ya sa musu takunkumi don kada su ciji abin da suka gano, ya rataya musu ƙararrawa don ya bi sautinta cikin kurmi. Idan kare ya tsaya a bakin rami, sai ya zura hannu ya ciro tsuntsun, ya sa a keji, ya goyo shi ya gangaro duwatsu masu santsi zuwa bakin ruwa. Kakafo ba ya zama da ɗan'uwansa a keji guda ba tare da faɗa ba, don haka kowane sai da nasa. Idan teku ta yi fushi, sai a yi kwanaki ana jira, ana neman abin da za a ciyar da tsuntsayen da ba su saba cin abinci daga hannun mutum ba. Sannan a tuƙa ƙaramin jirgi a kan igiyar ruwan da ta sha kifar da manya.

A cikin shekara 6 ya kwashe kakafo da kiwi fiye da 700 zuwa Resolution da ƙananan tsibiran da ke kewaye. Babu wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da wannan yawa a ko'ina a duniya kafinsa. Yana yi yana rubuta abin da ya gani: abincinsu, hanyoyin da mazan kakafo ke sharewa a kan tudu, ƙananan ramukan da suke zama ciki suna gunji, da yadda shekarun haihuwa ke tafiya tare da yalwar 'ya'yan itatuwa. Rahotanninsa suna zuwa ma'aikatar filaye da safiyo, a 1903 kuma gwamnati ta buga littafinsa kan ɗabi'un tsuntsayen Niyu Zilan marasa tashi.

Ranar da maƙiyi ya haye

A farkon shekara ta 1900 wasu masu yawon buɗe ido da suka zo da jirgin ruwa suka gaya masa cewa sun ga wata dabba irin wizil tana bin tsuntsu a gaɓar Resolution. Da farko ya ɗauka zolaya ce. Duk da haka ya ɗana tarkuna, ya yi watanni yana sintiri. A watan Agusta na shekarar ya ga sitot da idonsa a kan tsibirin.

Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne sitot gwanin ninƙaya ne, yana iya haye ruwan da ya wuce kilomita guda, tazarar da ke tsakanin Resolution da babban yanki kuwa a wani wurin ba ta fi rabin kilomita da kaɗan ba. Ga kuma wata baiwa da dabbar ke da ita: kusan kowace mace tana barin ramin uwarta ne da ciki, saboda haka mace guda da ta haye ta isa ta kafa zuriya. Mutum ɗaya da 'yan tarkuna ba zai iya tsare tsibirin duwatsu mai wannan girma ba, kuma Henry ya fi kowa sanin haka. Ya ci gaba da zama har shekara 8, yana ɗana tarko, yana kai wasu tsuntsaye tsibirai masu nisa, amma zuciyarsa ta karye. A hankali gunjin kakafo ya ɗauke a Resolution.

A 1908 aka mayar da shi tsibirin Kapiti, kusa da Wellington, ya yi gadi har 1911. Daga nan ya yi ritaya zuwa Katikati, daga baya Helensville, yana zaune shi kaɗai. Da tsufa ya ci ƙarfinsa, hankalinsa ya fara gushewa, aka kai shi asibitin Avondale a Auckland, inda ya rasu ranar 13 ga Nuwamba, 1929, yana da shekara 84. Shugaban gidan waya na garinsu ne kaɗai ya raka gawarsa.

Abin da ya bari

Shekara kusan 40 aka yi ana ganin labarinsa a matsayin misalin wahalar banza. Sai a 1964 ɓerayen jirgin ruwa suka mamaye tsibirin Big South Cape, suka shafe nau'in tsuntsaye biyu da na jemage ɗaya daga doron duniya cikin ɗan lokaci. Jami'an kula da namun daji, ciki har da wani matashi mai suna Don Merton, suka yi gaggawar kwashe tsuntsaye 36 na wani nau'i da ake kira tiyeke zuwa tsibiran da babu ɓera, suka tsira. Dabarar Henry ce aka farfaɗo da ita.

Da aka koma neman kakafo, rubuce-rubucensa ne suka zama jagora. An tabbatar da abin da ya faɗa game da taron maza, an kuma gano cewa haihuwarsu tana bin shekarun da itacen rimu ya yi 'ya'ya da yawa, bayan shekara 2 zuwa 4. A 1975 kare mai takunkumi ya gano wani namijin kakafo a wani kwari na Fiordland, aka raɗa masa suna Richard Henry. A 1977 aka gano wasu da suka rage a tsibirin Stewart, inda kyanwoyin daji ke cinye su, aka kwashe su zuwa tsibiran da aka tsarkake. A 1995 kakafo 51 kacal suka rage a duniya. Tsuntsun nan mai sunan Henry ya haifi 'ya'ya uku a 1998, shi kaɗai ne ya bar jinin kakafon Fiordland a cikin zuriyar da ke raye, ya mutu a Disambar 2010. Yau adadinsu ya haura 200, kowane da sunansa, ana kula da su tare da ƙabilar Ngai Tahu, wadda ke ɗaukar tsuntsun a matsayin dukiyar gado.

Darasin da aka ɗauka daga faɗuwar Resolution shi ne kwashe tsuntsu rabin aiki ne, sauran rabin shi ne kawar da maƙiyi da tsare ƙofa har abada. Wannan kuwa aikin jama'a ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1923 aka kafa ƙungiyar Forest and Bird ta masu kishin tsuntsaye, kuma 'yan sa kai nata ne suka fara raba wani ɗan tsibiri kusa da Auckland da ɓeraye a wajajen 1960. A 1988 aka kawar da ɓeraye daga Breaksea, maƙwabcin Resolution, a 1996 kuma daga Kapiti inda Henry ya yi gadinsa na ƙarshe.

Daga tsibirai aikin ya shigo gari. A 1999 wata ƙungiyar mazauna Wellington ta kammala shinge mai tsawon kilomita 8.6 kewaye da wani kwari mai hekta 225, wanda yanzu ake kira Zealandia. Tsuntsayen da suka hayayyafa a ciki suka fara tsallake shingen zuwa gidajen mutane, sai maƙwabta suka ga ba su da zaɓi illa su tsare su. Unguwa bayan unguwa aka kafa ƙungiyoyi masu raba tarko kyauta, da burin a samu aƙalla tarko guda a kowane gida biyar. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake sa wa ɓera, sitot kuwa ƙwai ko naman zomo, kuma duk wanda ya kama wani abu sai ya shigar da shi a manhajar waya, domin a san inda maƙiyi ya rage. A watan Yulin 2016 Firaminista John Key ya ayyana burin raba ƙasar baki ɗaya da ɓeraye da dangin sitot da fosum, wata dabba da aka kawo daga Ostireliya saboda gashinta, kafin shekara ta 2050.

An fara ganin amfanin. A 2023 aka sanar cewa an kawar da ɓeraye da sitot da wizil daga Miramar, wani zirin ƙasa na Wellington mai dubban gidaje. A tsaunukan yammacin birnin, bayan manoma da Mawori da 'yan sa kai sun shimfiɗa tarkuna fiye da 4,000, an saki kiwi a Nuwambar 2022, shekara guda bayan haka aka samu 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe a daji, abin da aka yi fiye da shekara 100 ba a gani ba a yankin. Muhimmancin tarkon a bayyane yake: inda ba a yaƙar sitot, kusan 5 ne kawai cikin 100 na 'ya'yan kiwi ke kai wa girma.

Aikin bai rasa masu suka ba. Akwai masu adawa da gubar 1080 da ake watsawa daga jirgin sama a dazuzzukan da ƙafa ba ta kai wa, akwai masu tausayin dabbobin da ake kashewa, waɗanda ba su suka kawo kansu ƙasar ba, akwai kuma masanan da ke ganin wa'adin 2050 ya yi kusa idan ba a samu sababbin dabaru ba. Masu goyon baya suna amsawa da cewa ƙin yin komai ma zaɓi ne, kuma tsuntsayen da babu irinsu a wata ƙasa ne za su biya kuɗinsa.

A mashigin Dusky kuwa, an raba tsibirin Anchor da sitot a 2001, aka kai kakafo a 2005, suka yi haihuwar farko a 2016, 'yan kilomitoci daga inda harsashin gidan Henry yake har yau. A Resolution kansa, tun 2008 ma'aikatar kula da muhalli ta shimfiɗa tarkuna fiye da 2,000 a kan hanyoyin da aka sare cikin kurmi. An rage sitot ƙwarai, amma bai ƙare ba, domin wasu suna kauce wa tarko, wasu kuma suna ci gaba da hayowa ta mashigin da kakanninsu suka bi a 1900. Don haka a kowace shekara ma'aikata da 'yan sa kai sukan sauka daga jirgi da jakunkunan ƙwai da nama, su bi layin tarkunan ɗaya bayan ɗaya, su sake ɗana su.